Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Gina Ƙarfin Jikinta A Hankali

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙarfin jiki ne: yadda ake gina shi, tsawon lokacin da yake ɗauka, da abin da ya dace da mai ciki a cikinsa.

Na san da an ce "ɗaga nauyi" abin da zai faɗo miki a rai shi ne samarin nan na unguwa da kan zuba siminti a gwangwani biyu, su soka ƙarfe a tsakiya, su yi ta ɗagawa da yamma suna nishi. Za ki ce me ya haɗa ki da su, ke da aka ce ko bokiti kada ki taɓa? To, 'yar'uwa, zo mu yi lissafi. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kamar kilo 11 zuwa 16 daga shigar ciki zuwa haihuwa, kuma wannan kaya ba a sauke shi a huta, da shi za ki kwana, da shi za ki tashi. Idan Allah Ya sauke ki lafiya, jaririn yakan zo da kilo 3 ko kusa da haka. Kafin ya cika wata shida ya ninka nauyinsa, in ya shekara ya kai kilo 9 ko 10. Sau nawa za ki sunkuya ki ɗauko shi a wuni ɗaya? Ga ruwa kuma: kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce, ke nan jarka mai lita 25 kilo 25 ce cur. Ashe ke ma mai ɗaga nauyi ce, ba a dai taɓa koya miki yadda za ki shirya wa aikin ba.

YADDA TSOKA TAKE ƘARA ƘARFI

Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ba ta aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, sannan an bar ta ta huta, an kuma ba ta abinci. A lokacin hutun ne jiki yake gyara ta, ya mayar da ita ta ɗan fi da ƙarfi. Idan aka sake ba ta aiki bayan kwana ɗaya ko biyu, sai ta sake ƙaruwa kaɗan. Idan wannan aikin ya zama mata wasa, sai a ɗan ƙara nauyi ko a ƙara yawan maimaitawa. Sirrin ke nan gaba ɗaya, kuma shi ne wanda masu gasar ɗaga ƙarfe na duniya suke bi. A shekarar 2000 aka fara sa mata a gasar ɗaga nauyi ta Olamfik, a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, kuma a wannan karon wata 'yar Nijeriya mai suna Ruth Ogbeifo ta ciyo lambar azurfa. Irin waɗannan mata shekaru suke yi suna ƙara kilo ɗaya a kan ɗaya. Ba gasa za ki shiga ba, amma tsokarki da tasu doka ɗaya suke bi.

Akwai wani tsohon labari na mutanen Girka game da wani ɗan kokawa mai suna Milo (ba na shayi ba). An ce kullum sai ya saɓa wani ɗan maraƙi a kafaɗa ya yi yawo da shi. Maraƙi yana girma, shi kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa, har ranar da aka gan shi ɗauke da bijimi. Ko da labarin almara ne, duk uwar da ta yi goyo ta san gaskiyar da ke cikinsa. Wadda ba ta saba ba, in aka ɗora mata yaro ɗan shekara ɗaya na minti ashirin sai bayanta ya riƙe, alhali uwarsa wuni take yi da shi, domin ita tun yana kilo 3 ta fara.

Abin da ke sa mata da yawa su daina shi ne rashin sanin lokacin da za a ga sakamako. A makonnin farko tsokar ba ta canza girma, ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyi suke koyon yadda za su sa ta aiki tare. Shi ya sa bayan mako biyu ko uku za ki ji aikin ya fara sauƙi ko da madubi bai nuna miki komai ba. Ƙaruwar tsokar kanta sai an yi wata biyu zuwa uku ana yi ba fashi. Wadda ta yi kwana huɗu da zafi-zafi, jiki ya yi tsami, ta ajiye, ba ta sami komai ba sai ciwon jiki. Wadda take yin minti goma sha biyar sau biyu ko uku a mako har wata shida ita ce da riba. Yau da gobe, in ji Hausawa, shi ya sa allura ginin rijiya.

"AI INA AIKIN GIDA"

Wannan ita ce amsar da muka fi ji a wajen awo, kuma akwai gaskiya a cikinta. Matar da take daka, take jan guga, take wanki da shara, ta fi wadda take wuni a kan katifa motsi, babu shakka. Sai dai aikin gida yana da aibu biyu. Na farko, tsoka ɗaya yake gajiyarwa kullum, galibi ta ƙasan baya da ta wuya, ya bar sauran ba su yi komai ba. Na biyu, ba ya jiran ki shirya. Jarkar da za a ɗauka yau kilo 25 ce, ko kin yi barci ko ba ki yi ba, ko cikin wata biyu ne ko wata takwas. Babu farawa da kaɗan, babu ranar hutu. Wannan gajiyarwa ce, ba gini ba.

A nan ya kamata a raba magana biyu da ake haɗawa. Motsa jiki matsakaici, ga mace mai lafiyayyen ciki, ba ya jawo ɓari kuma ba ya sa haihuwa kafin lokaci. Yana ma rage haɗarin ciwon suga na masu ciki da hawan jini, yana sauƙaƙa ciwon baya, yana taimaka wa barci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce mai ciki da mai jego waɗanda ba su da wata matsala su sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau biyar, su kuma haɗa da motsin da ke ƙarfafa tsoka. Amma ɗaukar kaya masu nauyi sosai, sau da yawa a rana, kullum, tare da doguwar tsayuwa, wannan daban ne, kuma shi ne muke cewa a rage wa mai ciki. Saboda haka idan Hajiya ta ce kada ki ɗauki jarka, ta yi daidai. Idan ta ce ki kwanta kada ki motsa, nan ne za ki kai mata wannan takarda cikin ladabi.

ABIN DA CIKI YAKE CANZAWA

Jikinki na yanzu ba shi ne na bara ba. Jinin da ke yawo a jikinki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, zuciya tana aiki fiye da da, shi ya sa kike saurin haki. Sinadaran ciki suna sassauta jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi, musamman na ƙugu, don buɗe wa yaro hanya, kuma wannan yana sa gurɗewa ta yi sauƙi. Ciki yana turo nauyi gaba, baya yana lanƙwasa, tsayuwa a ƙafa ɗaya tana wuya. Daga nan dokokin suka fito.

Daga wata na huɗu zuwa sama, kada ki daɗe kwance rigingine kina motsa jiki, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai ki ji jiri. Ki yi a tsaye, ko a zaune, ko kwance a gefe. Kada ki riƙe numfashi kina nishi lokacin ɗaga abu. Ki fitar da numfashi a daidai lokacin da kike ɗagawa, ki shaƙa lokacin saukewa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana: idan kina iya hira da wadda ke kusa da ke kina cikin yi, kina daidai. Idan magana ta gagara, kin wuce gona da iri, ki sassauta. Ki zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, musamman a watannin bazara, ki sha ruwa kafin ki fara da bayan kin gama, kuma kada ki yi da yunwa.

WAƊANDA ZA SU DAKATA SAI SUN GA LIKITA

Ba kowace mai ciki wannan darasi ya shafa ba. Idan kina zubar da jini, ko hoton ciki ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko an ɗinke miki bakin mahaifa, ko faya ta fashe, ko naƙuda ta taɓa taso miki kafin lokaci a wannan cikin, to ki bar duk abin da zan faɗa nan gaba sai likita ya ba ki izini. Haka mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da wadda aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, da mai sikila, da mai ɗauke da tagwaye. Ba cewa aka yi dukkansu su kwanta ba, wasu za a ba su abin da ya dace da su, amma wannan hukuncin na wanda ya duba katinki ne. Tambaya ɗaya ce a ranar awo: "Sista, zan iya motsa jiki?" Ki yi ta.

Ko da an ba ki izini, ki tsaya nan take ki taho asibiti idan kika ga jini ko ruwa yana fita ta gaba, ko jiri ya ɗebe ki, ko ƙirji ya yi ciwo, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko mara tana murɗawa a kai a kai, ko sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko motsin yaro ya ragu. Kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Maigida, ka bar izini da kuɗin mota tun yanzu.

TSOKAR DA BA A GANI

Zan daɗe a nan, domin ita ce tsokar da ta fi muhimmanci gare ki, kuma ita ce kunya ta hana a yi maganarta. A can ƙasan ƙugu akwai wata shimfiɗar tsoka da ta tashi daga ƙashin gaba zuwa ƙashin baya, kamar majanyin da aka ɗaure. A kanta mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji suke zaune, kuma ita ce take rufe hanyar fitsari da ta bayan gida. Wata tara tana ɗauke da nauyin ciki, ranar haihuwa kuma ta miƙe iyakar miƙewa don yaro ya wuce. Idan ta yi rauni, sai mace ta ga fitsari yana ɗigo mata in ta yi tari ko atishawa ko dariya. Wata iska ce take kufce mata. Wata kuma, bayan haihuwa biyar ko shida, sai ta fara jin wani abu yana saukowa ta gaba, wato zazzagowar mahaifa. Mata nawa ne suke sake alwala sau uku kafin su idar da salla ɗaya, suna ɗauka haka girma yake? Ba haka yake ba, kuma da yawa daga cikinsu za su sami sauƙi ba tare da magani ko tiyata ba.

Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ne ya yi rubutu a kan horar da wannan tsoka a 1948, har yau da sunansa ake kiran motsin. Ga yadda ake yi. Ki zauna ko ki kwanta a gefe. Ki matse dubura kamar kina cikin mutane kina hana iska fita, ki haɗa da gaba kamar kina riƙe fitsari, sannan ki ja su sama zuwa ciki. Ki riƙe ki ƙirga uku, ki saki gaba ɗaya ki ƙirga uku. Sakin yana da muhimmanci kamar matsewar, domin ranar haihuwa sakin za ki buƙata. Ki maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ki bi da gajeru masu sauri guda goma, matse ki saki, matse ki saki. Sau uku a rana. Duk mako ki ƙara tsawon riƙon da ƙirga ɗaya, har ki kai goma. Idan kin iya a zaune, ki koma yi a tsaye, wanda ya fi wuya.

Idan kina yi daidai, wanda ke zaune kusa da ke ba zai sani ba. Cinyoyi ba sa motsi, ɗuwawu ba ya ɗagawa, numfashi yana tafiya yadda ya saba. Idan kika ji kina turawa ƙasa kamar mai nishin bayan gida, to kin juya abin, ki tsaya ki sake. Kada kuma ki mayar da tsayar da fitsari a banɗaki ya zama shi ne atisayenki, domin yana hana mafitsara zubar da abin da ke cikinta duka. Wadda ta kasa gane tsokar, ta gaya mana a ɗakin awo, za mu duba mu nuna mata, ko mu tura ta sashen gashi da motsa jiki. Babu abin kunya, aikinmu ne.

Matsalar wannan motsi ɗaya ce, mantuwa. Ki ɗaura shi a jikin abin da ba kya mantawa: bayan sallar asuba, bayan azahar, bayan isha'i, kafin ki tashi daga inda kike zaune, ko kuma bayan cin abinci sau uku. Ki ba shi wata uku cikakku kafin ki ce bai yi ba. Wadda ta fara tun tana da ciki ta fi samun kariya daga ɗigon fitsari a ƙarshen ciki da bayan haihuwa. Sannan ki koyi dabara ɗaya da za ta yi miki amfani tun yau: ki matse kafin ki yi tari, kafin atishawa, kafin ki ɗaga yaro ko bokiti.

Gargaɗi ɗaya a nan. Fitsarin da yake zuba dare da rana ba tsayawa, bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, huda ce ta samu tsakanin mafitsara da gaba. Motsa jiki ba ya rufe ta, aiki ake yi, kuma ana warkewa. Akwai cibiyoyin da aka keɓe don haka, irin ta Babbar Ruga a Katsina. Idan kun san mai wannan lalura, ku kawo ta.

DA KUJERA DA BANGO DA ROBAR RUWA

Ba kya buƙatar sayen komai. Ki fara da tafiya ta minti biyar a tsakar gida don jiki ya yi ɗumi.

Na farko kuma mafi amfani shi ne tashi-zauna. Ki sami kujera mai ƙarfi ki jingina ta da bango. Ki tsaya a gabanta, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan don ciki ya sami wuri. Ki tura ƙugu baya ki sauka a hankali har ki taɓa kujerar, sannan ki miƙe kina fitar da numfashi. Wannan yana gina cinya da ɗuwawu, su ne za su ɗauke wa bayanki aiki, kuma su za ki dogara da su idan naƙuda ta yi tsawo kina tsaye kina zagaye. Ki fara da sau takwas. Idan sau goma sha biyu ya zama ba komai, ki rungume robar ruwa mai lita ɗaya da rabi a ƙirji ki ci gaba.

Na biyu, ture bango. Ki tsaya nesa da bango da tsawon hannu, ki dafa shi, ki lanƙwasa gwiwar hannu har fuskarki ta kusa taɓa shi, ki tura ki dawo. Na uku na baya ne, kuma shi mata suka fi bari alhali masu shayarwa sun fi kowa buƙatarsa: ki dafa kujera da hannu ɗaya, ki ɗan sunkuya baya a miƙe, ki riƙe robar ruwa da ɗaya hannun ki ja ta sama zuwa haƙarƙari kamar mai jan guga, ki sauke a hankali. Ki sauya hannu. Ki fara da ƙaramar roba, ki koma babba, daga baya ki cika ta da yashi, wanda ya fi ruwa nauyi. Idan baya yana damunki, ki durƙusa ki dafa ƙasa kamar mai rarrafe, ki tura bayanki sama kina jan ciki a hankali, ki dawo daidai. Yana sauke nauyin ciki daga kan ƙashin baya na ɗan lokaci, kuma mata da yawa suna jin daɗinsa a watannin ƙarshe.

Kowanne sau takwas zuwa goma sha biyu, ki huta minti ɗaya, ki sake zagaye na biyu. Kwana biyu ko uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Ki sami bayan kalanda ki riƙa sa alama duk ranar da kika yi. Ɗan tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Ciwo mai suka a gaɓa ko a ƙashin gaba kuwa alama ce ta ki bar wannan motsin ki gaya mana.

Abu ɗaya ya bambanta ki da sauran masu ɗaga nauyi. Su kullum ƙarawa suke yi, ke kuwa cikin da kansa yana ƙara miki nauyi kowane mako. Saboda haka daga wata na bakwai, idan kika ci gaba da abin da kike yi ba ƙari, kin ci gaba ke nan. Idan ma kika rage, babu laifi. Wadda ba ta taɓa yi ba kafin ciki ta fara da minti goma. Wadda laulayi ya kayar a watanni ukun farko ta bari sai ta farfaɗo. Fashin mako ɗaya ko biyu ba ya rushe ginin, kuma ƙarfin da aka taɓa samu yana saurin dawowa.

Tsoka kuma da abinci ake gina ta. Wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi, nono, nama idan ya samu, da ganye irin zogale. Ƙwai ba ya sa yaro ya zama ɓarawo, kuma cin abinci mai kyau ba shi ke hana haihuwa sauƙi ba. Ki sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki a awo, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin macen da jininta ya yi ƙasa ko tsakar gida ba za ta iya zagayawa ba, balle ta gina ƙarfi.

IDAN DOLE SAI KIN ƊAUKA

Na san akwai gidajen da babu mai ɗauke miki. To ki rage illar. Ki matso da kayan jikinki, ki lanƙwasa gwiwa ki sauka maimakon ki sunkuya da baya, ki matse tsokar ƙasan nan, ki miƙe da ƙarfin cinya kina fitar da numfashi. Kada ki murɗa ƙugu da kaya a hannu, ki juya da ƙafafunki. Rabin bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, ya fi cikakken bokiti ɗaya a gefe guda. Sawu biyu ya fi sawu ɗaya mai nauyi. Yaron da kike goyo, ki sa shi ya hau kujera ko gado sannan ki ɗauke shi. Wanki kuma ki ɗora bahon a kan wani abu, ko ki zauna a kujera 'yar tsugunno.

Malam maigida, da kai nake yanzu. Jarka da buhun hatsi da turmi naka ne ko na samarin gida har ta haihu ta warware. In ka sayi ruwa wurin mai garuwa, ka ce ya kai har inda za a zuba. Kuma idan ka ga tana tashi-zauna a gaban kujera, kada ka yi mata dariya, kada ka bari yara su yi. Dariya ɗaya ta isa ta sa ta daina.

BAYAN AN SAUKA

Matse tsokar ƙasa za ki iya komawa gare shi a kwanakin farko, a hankali, ko da an yi miki ɗinki, da zarar kina fitsari yadda ya kamata. Da farko za ki ji kamar babu komai a wurin, ki ci gaba, ji zai dawo. Ki riƙa ɗan takawa a cikin ɗaki da tsakar gida tun ranar farko ko ta biyu, domin doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Zaman jego na kwana arba'in al'ada ce mai kyau idan ma'anarsa a ɗauke miki daka da ɗiban ruwa, a ciyar da ke. Wadda aka yi wa tiyata kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi har mako shida, kuma in za ta tashi daga kwance ta juya gefe ta dafa da hannu.

Tsokar ciki takan rabu biyu a tsakiya saboda miƙewa, har ki iya sa yatsu a tsakanin. Ga yawancin mata tana matsowa da kanta a watanni biyun farko. Ɗaure ciki da zane yana iya sa ki ji daɗin tafiya, amma ba ya gina tsoka, kuma in an tamke shi sosai ƙasa yake tura nauyi, kan tsokar da ba ta gama warkewa ba. Abin da ke taimakawa shi ne ki fitar da numfashi kina jan cibiya ciki a hankali, ki riƙe kaɗan, ki saki. Kunun kanwa ma ba ya ƙara ƙarfi, kanwa kuma 'yar'uwar gishiri ce, mai hawan jini ta nisance ta. A nan arewacin Nijeriya ciwon zuciya na bayan haihuwa yana da yawa fiye da yawancin ƙasashen duniya. Mai jegon da take haki ko ba ta yi aikin komai ba, ko ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, ko ƙafafunta suna kumbura tana tari, ba gajiya ba ce kuma ba motsa jiki take buƙata ba. A kawo ta a ranar.

Idan kika zo dubawar mako shida aka ce komai lafiya, sai ki koma kan kujera da bango da robarki, daga ƙasa kamar sabuwar farawa. Gudu da tsalle su jira bayan wata uku. Motsa jiki ba ya rage ruwan nono kuma ba ya ɓata shi, ki dai ci ki sha, ki shayar kafin ki fara don ƙirji ya yi sauƙi. Daga nan kuma babu ranar gamawa. Shayarwa tana ɗibar sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi daga jikinki, yana dawowa bayan yaye, kuma tun daga shekara talatin da wani abu tsokar wanda ba ya motsa ta takan fara raguwa sannu a hankali. Tazara tsakanin haihuwa tana ba jiki lokacin mayar da abin da ya bayar, aƙalla shekara biyu kafin wani cikin ya shiga.

Ranar dubawar mako shida, kada ki tsaya a rigakafin yaro kawai. Ki gaya mana idan fitsari ko iska suna kufce miki, idan kina jin nauyi ko wani abu yana saukowa ta gaba, idan baya ko ƙashin ƙugu bai daina ciwo ba. Ki zo da katinki na awo, da kalandar nan in kin cika ta. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a samu.